Ɓarawo ya hauro maka katanga da dare: a ina doka ta ce ka tsaya?

Abu_Kubwa:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana doka da ke zauren nan. A taron masu gidaje da 'yan haya na layinmu an kawo maganar satar batiran sola da janareto da ta addabe mu. Wani dattijo ya miƙe ya ce duk ɓarawon da ya hauro maka katanga da dare jininsa ya halatta, ko kashe shi ka yi babu mai tuhumarka. Wani dattijon ya ce sam, ko marinsa ka yi kai za a rufe. Haka aka tashi baram-baram. Yanzu samarin layin sun tanadi gorori da adduna, ana karɓar kuɗin sintiri gida-gida, kuma a hannuna ake tara kuɗin. Tsorona kar a wayi gari da gawa a layi a zo a kwashe mu. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mana inda iyakar take.

Dan_Zuba:
Dattijo na farko ya fi gaskiya. Wanda ya diro maka tsakar gida ƙarfe biyun dare ba gaisuwa ta kawo shi ba. Ni dai gara a zo duba ni a gidan yarin Kuje da a zo wa iyalina ta'aziyya.

Maman_Hanifa:
Dan_Zuba faɗa da baki ba wuya. Maƙwabcinmu na da, direban tanka ne, ya kama yaro yana kwance masa batirin mota da asuba. Yaron ya yar da batirin ya ruga, shi kuma ya bi shi har bakin kwalbati ya sauke masa ƙarfen jak a ƙeya. Yaron bai kai asibiti ba. Na ga matarsa da idona tana sayar da firji da kujerun ɗakinta don kuɗin lauya, daga ƙarshe ta kwashe yara ta koma garinsu. Batirin kuwa yana nan a ƙofar gida inda aka yar da shi, har ruwan sama ya lalata shi.

Barista_Gwarinpa:
Wa alaikumus salam Malam Abu. Dattawanku kowanne ya kama gefe guda ne ya saki ɗayan.

Mu fara da kundin tsarin mulki na 1999. Sashe na 33 ya tabbatar wa kowa 'yancin rayuwa, ɓarawo ma yana ciki. Amma ƙaramin sashe na 2 ya ce ba a tauye wannan 'yancin ba idan mutum ya mutu sakamakon ƙarfin da aka yi amfani da shi gwargwadon buƙata, kuma ta yadda doka ta yarda, wajen kare wani daga farmaki ko kare dukiya, ko wajen kama mai laifi da hana wanda aka tsare tserewa, ko wajen kwantar da tarzoma.

Bayanin dalla-dalla yana cikin Final Kod, dokar laifuffukan da aka yi wa Jihar Arewa a 1959 ta fara aiki a 1960, ita ce kuma ake amfani da ita a nan Abuja. Daga sashe na 59 zuwa na 67 duk maganar kare kai ce. Sashe na 60 ya ba ka damar kare jikinka da na wani, da dukiyarka da ta wani, daga sata da fashi da ɓarna da kutse. Kenan wanda ya ce ko marin ɓarawo ba ka da iko ka yi bai faɗi daidai ba.

Sai dai akwai takunkumi biyu. Sashe na 62 ya ce kada cutarwar da za ka yi ta wuce abin da kare kan yake buƙata. Sashe na 63 ya ce idan akwai lokacin da za ka nemi kariyar hukuma, to ba ka da wannan damar.

Yaushe kariyar ke iya kaiwa ga kisa? Sashe na 65 ya ce idan farmakin ya sa mai hankali zai ji tsoron mutuwa ko mummunan rauni, ko fyaɗe, ko sace mutum. Sashe na 66 ya yi maganar dukiya: fashi, fasa gida da dare, cinna wa gidan da ake kwana ko wurin ajiyar kaya wuta, sai sata ko kutsen da yanayinsu ke nuna cewa in ba ka kare ba za a kashe ka ko a ji maka mummunan ciwo. Ina zaton a nan dattijonku na farko ya tsinci maganarsa, tunda fasa gida da dare na cikin jerin. Abin da bai kawo ba shi ne takunkuman nan biyu suna hawa kan wannan sashen ma. Mutumin da ya ɓalle maka ƙofa yana riƙe da adda a cikin duhu, ka buga masa abin da hannunka ya kai ya faɗi ya mutu, doka na tare da kai. Wanda ya juya baya yana gudu, ko wanda kuka riga kuka danne kuka ɗaure, haɗarinsa ya wuce, damarka ta wuce tare da shi. Labarin da Maman_Hanifa ta kawo a nan ya faɗa.

Dan_Zuba:
Ranka ya daɗe Barista, sashe na 63 ɗin nan shi ne ya fi ƙona min rai. Wace hukuma? Ran da aka shiga gidan yayana mun kira, aka ce mota ba mai. Sai da rana ta fito suka iso da takarda da biro.

Barista_Gwarinpa:
Ai wannan hujja ce a gare ka, ba a kanka ba. Sashen cewa ya yi idan akwai lokaci. Mai adda a kanka ƙarfe biyun dare ba ka da lokacin kiran kowa. Inda sashen ke cizo shi ne wanda aka yi wa sata jiya, yau ya gano gidan ɓarawon, ya tara samari suka tafi masa. Wannan ya sami lokacin zuwa caji ofis bai je ba, abin da ya yi ramuwa ce.

Sani_Nyanya:
To Barista ya za ka ce da shari'ar Sunday Jackson? Manomi ne a yankin Numan ta jihar Adamawa. A 2015 makiyayi ya far masa da wuƙa a gona har ya ji masa rauni, ya ƙwace wuƙar ya soke shi. Babbar kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar ranar 7 ga Maris 2025. Mutumin da aka zo kashewa shi aka ce a rataye. In wannan ce dokar, to ba don talaka aka rubuta ta ba.

Barista_Gwarinpa:
Ita ce shari'ar da ta fi raba kan lauyoyi a 'yan shekarun nan, Malam Sani. Alƙalan da suka yi rinjaye sun tsaya a kan cewa da ya ƙwace wuƙar haɗarin ya ragu, yana da damar ya tsere, amma ya soke shi a wuya har sau uku. Mai shari'a Helen Ogunwumiju ta saɓa musu, tana ganin ba adalci ba ne a nemi wanda aka riga aka raunata ya juya baya ya gudu alhali abokin faɗan nasa na nan da ƙarfinsa. Ni ra'ayinta na fi karkata gare shi, kuma ban ɓoye ba. Mutum yana kokawa a ƙasa jini na zuba masa ba zai tsaya lissafin sau nawa ya kamata ya soka ba. Amma hukuncin masu rinjaye shi ne doka, da shi ƙananan kotuna za su yi aiki. Gwamna Fintiri ya yi masa afuwa a Disambar 2025, sai dai afuwa ba ta goge hukunci daga littafi, kuma bayan ya shafe fiye da shekara goma a tsare ta zo.

Jauro_Gwagwalada:
Ina so a tuna wani abu. Su biyu ne a dajin nan, ɗaya ya mutu, ɗaya ne ya ba da labari. Ba ina cewa ƙarya ya yi ba. Cewa nake shi ma mamacin yana da uwa da ta haife shi, kuma duk wanda ya kashe mutum a inda babu shaida abin da zai fara faɗa shi ne ni aka fara kai wa hari. In kotu ta riƙa karɓar wannan ba tare da ta tsananta bincike ba, mu da ke kwana a daji da shanu mu za mu fi kowa shan wuya. Haka in makiyayi ya kashe manomi ya ce kare kansa ya yi, ma'aunin ɗaya ya kamata.

Sani_Nyanya:
Jauro na yarda ma'auni ya zama ɗaya. Amma raunin da ke jikinsa fa? Shi ya soki kansa?

Jauro_Gwagwalada:
Rauni na nuna an yi faɗa. Ba ya nuna wa ya fara, ba ya kuma nuna lokacin da ya kamata a tsaya.

Malam_DeiDei:
Bismillah. Bari in sa baki ta fuskar addini, tunda dattijon ya yi amfani da lafazin halatta jini, kuma lafazi ne mai nauyi. Gaskiya ne ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne. A Muslim kuma akwai hadisin Abu Huraira na mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya. Aka ce kada ya ba shi, in ya yaƙe shi ya yaƙe shi, in aka kashe shi shahidi ne, in shi ya kashe maharin to maharin yana wuta. Amma ku lura da jerin: sai da maharin ya yaƙe shi.

Malaman fiƙihu da suka yi bayanin tunkuɗe mai farmaki sun ce ana farawa da mafi sauƙi. In tsawa ko ihu zai kore shi, ba a dukansa. In sanda za ta isa, ba a zare takobi. Malamanmu na Malikiyya sun ambaci a gargaɗe shi tukuna in mai fahimtar magana ne kuma akwai halin yin hakan. In ya juya da gudu ba a binsa don a kashe. Sannan ko da an kama ɓarawo dumu-dumu, haddin sata ba kisa ba ne, kuma alƙali ke tsayar da shi bayan shaidu da sharuɗɗa, ba 'yan unguwa ba. Wanda ya sa wa ɗan Adam taya ya cinna wuta saboda waya, ya tanadi amsar da zai bayar gobe ƙiyama.

Maman_Hanifa:
Allah ya gafarta Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ashe ma tafiyar kusan ɗaya ce da abin da Barista ya kawo.

Tsohon_Sufeto:
Na yi aikin ɗan sanda har na yi ritaya, bari in gaya muku abin da ke biyo bayan gawa, don shi ne ba a faɗa a taron unguwa.

Ko da gaskiyarka ta fi rana fitowa, ranar ba za ka kwana a gida ba. Za a ɗauki bayaninka, a mayar da maganar sashen binciken manyan laifuffuka, a tura fayil ma'aikatar shari'a don neman shawara. Kafin shawarar ta fito galibi an kai ka gaban majistare an nemi izinin tsare ka. Majistare ba shi da hurumin shari'ar kisan da hukuncinsa kisa ne, belin irin wannan tuhuma kuma sai alƙalin babbar kotu, shi ma sai da dalili na musamman. Kare kai hujja ce da ake tabbatarwa da shaida, ba ta hana a kama ka.

Abin da na ga yana kashe mutane masu gaskiya shi ne abin da suke yi bayan faruwar lamarin. Wani zai ja gawar ya kai bakin titi. Wani zai wanke jinin tsakar gida kafin gari ya waye. Wani maƙwabci mai son taimako zai ɗauko wuƙar kicin ya danƙa a hannun mamacin. Mai bincike yana zuwa zai ga sawun ja a ƙasa, likita zai rubuta cewa saran a baya yake, shi kenan duk abin da ka faɗa daga nan ƙarya ne a idon kotu. Ka bar komai yadda yake: ƙofar da aka ɓalle, makamin da ya zo da shi, takalminsa a gindin katanga. In kana da rauni ka je asibiti a rubuta. In shi maharin yana numfashi a kai shi asibiti, wannan ma shaida ce cewa ba kisa ka nufa ba. Kai da kanka ka kai rahoto, kada a zo nemanka.

Sannan bayanin farko da za ka bayar shi zai bi ka har Kotun Ƙoli. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ba da damar a ɗauki bayaninka a gaban lauyanka, in ba ka da shi a gaban jami'in hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta. Kada ka sa hannu a takardar da aka rubuta da Turancin da ba a fassara maka ba.

Nas_Amina:
Baba Sufeto ya taɓo inda nake aiki. Har yanzu mutane na barin mai rauni yana zubar da jini wai sai an kawo takardar 'yan sanda. Tun 2017 akwai dokar da ta wajabta wa asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da jiran wannan takardar ba, daga baya a sanar da 'yan sanda. Ku kawo shi, ko ɓarawon ne.

Abu_Kubwa:
Na gode ƙwarai. Amma Barista tambayata ta fi karkata ga samarin sintirinmu. Su ba gidansu aka shiga ba, a layi suke yawo da tocila. In sun ga mutum ɗauke da batir a kai ƙarfe ukun dare, me doka ta ba su?

Barista_Gwarinpa:
Ta ba su kamu, ba ta ba su hukunci ba. Sashe na 20 na dokar 2015 ɗin da Yallaɓai Sufeto ya ambata ya yarda farar hula ya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, ko wanda yake da ƙwaƙƙwaran dalilin zargin ya aikata laifin da ɗan sanda zai iya kamu a kansa ba tare da waranti ba. Sashe na 23 ya ce a miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. In ya yi turjiya za su iya amfani da ƙarfin da zai isa a riƙe shi. In ya zaro wuƙa, maganar ta koma kare kai da muka yi bayani. Amma a ɗaure shi a jikin falwaya ana zane shi da bulala wai sai ya faɗi abokansa, wannan laifi ne mai zaman kansa, ko ɗan sanda doka ba ta ba shi wannan ba.

In ya mutu a hannunsu, ba wanda ya yi bugun ƙarshe kaɗai ake nema ba. Duk wanda ya sa hannu da niyya ɗaya yana ciki, haka wanda ya zuga. Kai da ke riƙe da kuɗi, in da kuɗin aka sayi addunan, sai ka yi bayani. Shawarata ku kai sunayen samarin wurin difi'o, wato shugaban caji ofis na yankinku, ku rubuta ƙa'idojin aiki kowa ya sa hannu, kuɗin kuma ya tafi kan tocila da usur da fitilun layi da ƙofar ƙarfe a bakin layin.

Akwai kuma matsakaicin mataki da ban ambata ba. Sashe na 222 na Final Kod ya ce wanda yake kare kansa da zuciya ɗaya amma ya wuce gona da iri, ba tare da ya shirya kisan tun farko ba, laifinsa ya sauka daga kisan da ake yanke wa hukuncin kisa zuwa wanda ake yi wa ɗauri, ɗaurin kuma zai iya kaiwa na rai da rai. Sauƙi ne, amma ba sallama ba ce.

Bakano_a_Wuse:
Duk mai ganin taron jama'a na iya yanke hukunci ya tuna Uromi. Watan Maris 2025, mafarautanmu 16 da suka taso daga Fatakwal za su gida yin Sallah, 'yan sintiri suka tare motarsu a jihar Edo, aka ga bindigogin farauta, wani ya yi ihun masu garkuwa da mutane ne. Aka kashe su, aka ƙona. Waɗanda suka yi wannan su ma cewa za su yi garinsu suke karewa. Mun yi kuka a lokacin, mun ce a bi doka. To in mun ce a bi doka a Uromi, sai mu bi ta a Kubwa ran da aka kama baƙon da ba ya jin Hausa.

Dan_Zuba:
Bakano kar ka haɗa ni da waɗancan azzaluman. Ni maganar cikin gidana nake, ba tare hanya ba.

Bakano_a_Wuse:
Ban haɗa ka da su ba ɗan'uwa. Amma tambayar Malam Abu ta 'yan sintiri ce, kuma daga sintiri waccan ta fara.

Hajiya_Bwari:
Ku da kuke maganar batir ku gode wa Allah. Mu a nan farkon 2024 ba kaya ake zuwa ɗauka ba, mutane ake kwasa daga ɗakunansu a shiga da su daji. Mun kwana muna jin harbi, yara a ƙarƙashin gado. Barista ka ce sashe na 65 ya ba ni dama in kare kaina daga mai sace mutum har da kisa. Da me? Da taɓarya? Suna zuwa da AK-47. Doka ta ba ni dama da hannun dama, ta hana ni makami da hannun hagu. Janar T.Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo tun 2018 cewa mutane su tashi su kare kansu, gwamnatin Matawalle a Zamfara ta ce a 2022 jama'a su nemi lasisin bindiga. Manya na faɗa, amma in an kama talaka da ita shi kaɗai zai amsa.

Barista_Gwarinpa:
Hajiya ba ni da abin da zan ce ya share miki wannan, gaskiya kika faɗa. Abin da zan iya shi ne in gaya miki yadda dokar take don kada a ruɗe ki. Harkar makamai ta gwamnatin tarayya ce, jawabin gwamna ko na janar ba lasisi ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta kasa su: irin na soja sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar farauta ta zamani lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma kwamishinan 'yan sanda. Mallakar bindiga ba lasisi, ƙarƙashin dokar fashi da makami, na iya jawo ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Kuma tuhuma ce daban: kotu na iya wanke ki a kan harbin ta kama ki a kan bindigar.

Tsohon_Sufeto:
In ƙara a kan na Barista. Bindiga a gida ba ta zama ta ɓarawo kaɗai. Na ɗauki gawar yaron da mahaifinsa ya harba yana hauro katanga don ya dawo daga kallon ƙwallo an kulle gida. Uban bai yi magana ba, bai haska ba, ya ga inuwa ya saki. Har na bar wannan ofishin mutumin bai dawo daidai ba.

Hajiya_Bwari:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa. Amma Yallaɓai wannan bai amsa min ba. Waɗanda aka kwasa a unguwarmu ba su da bindiga, kuma rashinta bai cece su ba.

DanJos_Bauchi_Road:
Ina bin ku daga Jos. Gyara kaɗan ga masu karatu daga wajenmu: Filato ta yi nata Final Kod a 2017, don haka lambobin sassan da Barista ke kawowa na Abuja ne, kada wani ya je caji ofis a nan yana kiran lamba. A Kudu kuma wata dokar ce daban suke amfani da ita.

Abin da ya sa na sa baki shi ne mu mun ga inda maganar kare kai ke kaiwa in ta bar hannun mutum ɗaya ta koma ta unguwa. Tun rikicin Satumban 2001, kowane ɓangare ka tambaya zai ce shi kariya yake yi. Ana fara tare bakin layi don kada a shigo, wannan kowa ya fahimta. Kwana biyu sai ka ji an ce a je can a riga su. Samarin da aka ba gora don tsaron unguwa, bayan ƙura ta lafa ba su mayar da gorar ba, wasunsu su ne suka koma sara-suka suna tare mu da muka tara musu kuɗi. Malam Abu ka san wa kake ba adda, ka kuma san ranar da za ka karɓe ta.

Ummu_Sadiq:
Tambaya ta mata. Ina hawa motar haya daga Area 1 zuwa Lugbe kullum da yamma, kuma kowa ya san 'yan wan cans, masu ɗaukar fasinja a motar haya su yi masa fashi. In na riƙe ƙaramar wuƙa ko barkonon fesawa a jaka, aka rufe ni a mota na yi amfani da shi, ya matsayina?

Barista_Gwarinpa:
Malama Ummu, mutanen da suka kulle ki a mota suna shaƙe ki fashi suke yi, kuma sace mutum ne, duka biyun suna cikin abin da doka ta ba ki cikakkiyar damar kare kai a kansu. Ba a neman ki jira sai sun fara ji miki ciwo. Yawo da wuƙa a jaka kuwa na iya jawo miki tambayoyi a shingen bincike tun kafin ki gamu da ɓarayin, kuma a cikin mota mai maza uku ana iya ƙwace ta a juya miki ita. In kin sami kuɓuta, ki kira 112, ki je caji ofis mafi kusa a daren.

Dan_Zuba:
Na karanta duka. Na yarda wanda ya gudu a bar shi, wanda aka ɗaure a kai shi ofis. Amma har yanzu ina nan a kan bakana game da cikin gida. A duhu ban san ko shi kaɗai ba ne, ban san me ke aljihunsa ba, 'ya'yana mata na ɗakin da yake nufa. Ba zan tsaya tambayarsa ba.

Malam_DeiDei:
Babu wanda ya ce ka tsaya tambayarsa, Dan_Zuba. Ka kunna fitila, ka daka tsawa, in ya yo kanka ka kare iyalinka da duk abin da Allah ya hore maka. In ya faɗi ya daina motsi, ka janye hannunka.

Sani_Nyanya:
Janye hannun nan shi ne aka ce Jackson bai yi ba, Malam. Alƙali yana zaune a ofis mai sanyi bayan shekara goma yana auna daƙiƙa biyar ɗin da mutum ya yi yana kokawa da ajalinsa. Ni a ganina majalisa ce ya kamata ta gyara sashen nan, a ce wanda aka fara kai wa hari da makami ba a neman ya gudu.

Jauro_Gwagwalada:
In an gyara haka, wa zai tabbatar da wanda ya fara in ɗayan yana kabari?

Abu_Kubwa:
Barista, taronmu na gaba ranar Lahadi ne bayan la'asar. Ko za ka taimaka ka turo min ƙa'idojin da ka ce a rubuta, da Hausa, in karanta wa samarin? Dattijon da ya ce jini ya halatta shi ne mai gidan da nake haya, ba zan iya musa masa a gaban jama'a da bakina ba, amma in takarda ce daga lauya zai saurara.

Barista_Gwarinpa:
Zan turo maka kafin Juma'a in sha Allah. Ka nemi limamin layinku da fasto in akwai su zauna a wurin, a kuma gayyaci wani daga caji ofis. Addunan kuma a tattara su a ajiye tukuna har a gama magana.

Hajiya_Bwari:
Barista in ka rubuta ka sako a nan zauren mu ma mu gani. Amma ka sa da abin da za mu yi in masu AK-47 ne suka zo, don namu samarin ba ɓarawon batir suke jira ba.